Ranar da Mai Lalle Ta Saki Hannuna

Abubuwa da yawa sun faru da ni na manta su, wasu ma sai an tuna min nake cewa, "Au, haka fa aka yi." Amma wannan kam, ko shekara nawa Allah zai ara min a duniya, ba na jin zai fita daga raina. Yau shekara uku ke nan, kuma har yanzu in mutum ya riƙe min hannu ya saki da sauri, sai na ji gabana ya yanke ya faɗi.

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, a wani gida da ke Abakpa. Mu shida muka je lalle, ƙawayen amarya, saura kwana biyu ɗaurin aure. Ana ta hira ana shewa, layi ya zo kaina, na zauna a kan tabarma na miƙa wa mai lallen hannuna na hagu. Ta kama, ta ture hannun rigata sama, ta ɗauko ledar lallenta. Sai kuma ta tsaya. Ta juya hannun, ta sake juya shi, ta ɗago ta dube ni.

"Tun yaushe yake haka?"

Na ce, "Me?"

"Farin nan."

Kafin in buɗe baki ta saki hannun. Ta goge tafinta a jikin zaninta, ta sake gogewa, sannan ta ce, "Tashi ki je famfo ki wanke da sabulu, ki wanke sosai. Ke sai a ƙarshe. Wata ta matso."

Babu wadda ta lura a cikin ƙawayena, dariyarsu kawai suke yi. Ni kuwa ban ji komai a duniya ba sai ƙarar tafin matar nan a jikin zani. Na tashi na nufi famfo a tsakar gida, inda rana ta fito tar, na naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Rabona da in dubi hannun nan a cikin hasken rana ya fi wata guda. Abin da na gani ba tabon da na sani ba ne. Farin ya wuce inda yake, ya bazu ya kewaye damtsen kamar an zubar da koko ya malale, fatar ta yi sheƙi ta yi siriri, har ina hango jijiyoyi kore-kore a ƙarƙashinta.

Bari in koma baya kaɗan don a gane yadda aka yi na zo nan.

Gidanmu a Unguwar Kanawa yake. Ummata sana'ar suya take yi, cincin da dubulan da alkaki na gara da na suna, kuma tun da na gama sakandare ni ce hannun damanta. Wata bakwai kafin wannan rana muna suyar dubulan kaskon ya goce, mai ya watso min tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Maƙwabta suka shigo da gudu, wannan ta shafa man goge baki, waccan ta ce a fasa ƙwai. Daga baya dai aka kai ni aka wanke aka sa magani. Ciwon ya warke lafiya, amma ya bar min tabo uku farare, babban ya kai faɗin bakin kofin shayi, biyun ƙanana. Ni kuma baƙa ce sosai, don haka tun daga nesa ake hango su. Ko keke na shiga sai an sami mai cewa, "Sannu baiwar Allah, ƙuna ce?" Na gaji da amsa wannan tambaya.

Da bikin ƙawata ya matso, wadda muka yi sakandare tare tun aji ɗaya, sai tela ya yanka mana anko hannunsa iya gwiwa. Na ce mata ni fa ba zan iya sawa ba. Ta ce, "Ke dalla, matar da ke min dilka tana da wani haɗi, sati biyu tabon nan zai bi jiki." Washegari ta kawo min wata 'yar roba, babu rubutu ko ɗaya a jikinta, da wani mai ruwan ɗorawa a ciki mai ƙamshin turare, irin ƙamshin da ake zubawa don a danne wani wari. Ta kira matar a waya ta ba ni. Matar ta ce in shafa safe da yamma, in naɗe da leda, in ɗaure da tsumma don maganin ya ratsa. Ta ƙara da cewa, "Kuma kar ki nuna wa kowa sai ya gama aiki. Baki yana karya magani."

Ban ga wani abin mamaki a maganarta ba, don haka muka taso muna ji. Mai sabon ciki ba ta faɗa, wanda zai yi tafiya ba ya shela, mai shan magani yakan ɓoye har ya warke. Sai na ɓoye. A ɗaki nake shafawa, labule a sake, in mayar da dogon hannu. Da farko ma murna nake yi, don gefen tabon ya daina fita sosai, kamar yana narkewa cikin fata. Sati biyu suka zama shida.

To, ga ni tsaye a bakin famfo a gidan mutane, sabulu a hannu, wata magana ta Kaka ta faɗo min. Kakata ta wajen uba tare muke zaune da ita, kuma tana yawan ba mu labarin wani mutum na unguwarsu a Zariya lokacin tana yarinya. Ta ce da fari-fari ya fara a hannu, ba zafi ba ƙaiƙayi, ko ƙaya aka soka masa a wurin ba ya ji. Daga nan aka ware masa ƙwarya, aka ware masa buta, yara suka daina shiga zaurensa. Kaka ba ta ma kiran sunan ciwon, sai dai ta ce "babban ciwo." Amma kowa ya san kuturta take nufi.

Ban koma kan tabarmar nan ba. Na ce da su kaina ke ciwo, na saka hijabi na fito na tari keke.

Ina isa gida na shige ɗaki na tura ƙofa. Na ɗauko gwangwanin da Umma ke ajiye zare da maɓallai, na zaro allura. Na fara soka hannun dama, na ji tsam har cikin kaina. Sai na ɗora bakin allurar a tsakiyar babban tabon, na danna. Kamar ana taɓa ni ta bayan bargo. Na ƙara dannawa har jini ya tsatso, ina kallonsa da idona yana taruwa, amma zafin bai zo ba. Allurar ta suɓuce ta faɗi. Ban gwada ko'ina ba bayan nan, ban ga amfanin gwadawa ba. A wurina magana ta ƙare.

Kwana goma na yi a cikin wannan hali, kuma a cikinsu babu wanda ban zarga ba.

Na fara da Umma. Da yammacin ranar na fito zan taya ta kwaɓin cincin kamar kullum, na kai hannu cikin bahon fulawa, ta janye shi gefe ta ce, "Bar shi, zan yi. Je ki share ƙofar gida." Ba ta dube ni ba. Washegari ma haka, jibi ma haka. Na ce a raina shi ke nan, ta gani, ta sani, kawaici kawai take yi. Sai na shiga lura da komai. In ta miƙo min abu, ina duba ko yatsunta za su taɓa nawa. In na sha ruwa na ajiye moɗa, ina satar kallo in ga ko za ta ɗauraye kafin ta sha. Ranar da ta ɗauraye, ban ci abincin rana ba. Yanzu da nake rubuta wannan na san Umma tun da na san ta ba ta taɓa shan ruwa ba ta ɗauraye moɗa ba, amma a lokacin ban tuna haka ba.

Kaka kuwa, duk lokacin da na gifta sai in ga kamar idonta na kan hannuna. Abba da ya dawo daga ofis ya ce, "Ke kuma lafiya kike fama da dogon hannu a cikin zafin nan?" Na ji kamar an aiko shi ne ya bugi cikina. In na ji Umma da Kaka suna magana ƙasa-ƙasa a kicin, sai in laɓe a bayan ƙofa, in ji ashe zancen tsadar gas ake yi, amma sai in ce ai jin motsina suka yi suka canza magana.

Biki ban je ba. Na aika wa amarya cewa zazzaɓi ya kwantar da ni. Ta kira ni ya fi sau ashirin, ban ɗauka ba, kuma abin da ya hana ni ɗauka shi ne abin da na fi jin kunyar faɗa a duk labarin nan. Na zarge ta. Na zauna ina tuno ranar da wata malama ta yabi fatata a gabanta, ina tuno yadda ta nace sai na karɓi robar nan, ina tambayar kaina me ya sa ita ba ta shafa ba. Yarinyar da muka raba biredi ɗaya shekara shida. Allah Ya yafe min.

A rana ta huɗu na kira mai haɗin. Na ce mata farin fa ƙaruwa yake yi. Ko gezau ba ta yi ba, ina jin tana taunar wani abu.

"Ai aikin maganin ke nan, ciwon ne ke fitowa waje. Ki ƙara yawan shafawa."

"Wane ciwo kuma, Anti? Ai tabo ne."

"To ni na san me ke jikinki? Kin dai nuna wa wani ko?"

Na ce mai lalle ta gani.

"Kin gani ko! Ni dama na gaya miki." Ta kashe wayarta.

Kalmar nan ta "ciwo" ita ta ƙarasa ni. Kuma duk da na fara zargin matar, sai na bi maganarta, don gani nake in akwai abin da ke riƙe da ciwon kar ya haura kafaɗa, to man nan ne. Na koma shafawa sau uku a rana, ina lafta shi, ina ƙara matse ledar.

Ni da kaina na fara yi wa kaina abin da nake tsoron a yi min. Na ɗauki wani kofin roba na ɗaura masa jan zare a mariƙi, na ɓoye a ɗaki. A gidanmu faranti ɗaya muke ci ni da Umma da Kaka, sai na koma cewa ba na jin yunwa, in sun tashi in ɗebi nawa in ci a tsaye. Abin da ya fi tsaya min a rai sana'ar Umma ce. Na san unguwarmu. Rana ɗaya aka ce 'yar mai cincin tana da kuturta, ko kyauta aka ba mutane ba za su karɓa ba. Duk dubulan ɗin da na murza da hannun nan cikin sati shida sai ya riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya, da gidajen da aka kai shi, da yaran da suka ci.

Ranar Lahadi yayata ta zo daga Katabu da jaririyarta 'yar wata biyar. Tana shigowa ta kunce goyo, ta miƙo min ita kamar yadda ta saba, tana cewa, "Karɓi 'yarki, bayana ya ƙage." Ni kuwa na yi baya da sauri na mayar da hannuwana biyu baya. Saura ƙiris yarinyar ta suɓuce, Allah Ya sa Yaya ta tare ta da ƙirji. 

"Ke! Kashi kika gani a jikinta?"

 Umma ta ajiye matsamin da ke hannunta ta ce, "Wuce ɗaki." Ta biyo ni, ta tura ƙofa, ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin gado, ta jawo robar nan da tarin ledojin da na cusa a can. Ta dangwarar a gabana.

"Kin ɗauka ban sani ba? Sati uku ina kallonki ina jiran ki faɗa da bakinki. Shafe-shafe kika fara? Ni na haife ki baƙa, ubanki baƙi, wa kike so ki zama?"

Na tsaya ina kallonta. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

"Hannunki duk ƙarnin turaren abin nan," ta ci gaba, "ki tsoma min a fulawar mutane? Cincin ɗin da kika murza ran Laraba sai da mai shi ta ce min wani ƙamshi-ƙamshi yake yi. Shi ya sa na hana ki kwaɓi. Yanzu kuma abin ya kai ki ƙi ɗaukar 'yar yayarki don kar ta ɓata miki fata?"

Na ce, "Umma, ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Na naɗe hannun rigar, na kwance tsumman, na ɓare ledar. Na ce, "Kuturta ce, Umma. Na soka allura ban ji ba."

Ban taɓa ganin fuskar Umma ta yi irin abin da ta yi a lokacin ba.  Sannan ta kama hannun da hannuwanta biyu, ta jawo ni bakin taga ta ɗaga labule, tana shafa wurin da babban yatsanta. Ta ce, "Ko ita ce, ai ni na haife ki. Wa ya ce ki ɗauki wannan ke kaɗai?"  Ni da na riga na saba da zargi sai na ce a raina, ta faɗi haka ne don ta gane ita ce.

Ta kira Kaka. Na zaci Kaka salati za ta saka ta fara kuka. Ta ɗauko gilashinta ta maƙala, ta duba, ta taɓe baki.

"Ni dai ba likita ba ce. Amma ke ma ban da abinki, labarin da nake ba ku na zamanin da ko kwalta babu a unguwarmu ne. Gobe ku tafi asibiti. Kuma ki zo ki ci tuwo, kin bar mu muna ta fama da rabonki."

Ranar na sa hannu a faranti ɗaya da su, amma da hannun dama, na hagun yana naɗe a cikin hijabi, kuma loma uku na iya haɗiyewa.

Litinin da safe muka tafi asibitin gwamnati, ni da Umma, robar tana cikin jakarta. Aka yanka kati aka tura mu sashen masu ciwon fata. Muka zauna a benci. Matar da ke kusa da ni ta ɗan gusa, na ce ta gane. Nas ɗin da ta karɓi katina ta yi rubutu da jan biro, na ce alama ta sa min. Ta ajiye katin a gefe guda ba a kan sauran ba, na ƙudurta cewa yanzu za a zo a fitar da ni ta wata ƙofa daban. Sai kusan sha biyu aka kira mu.

Likitan dattijo ne mai furfura, Hausarsa ta Zazzagawa. Ya gaisa da Umma, ya dube ni ya ce, "'Yata, me ya faru?" Umma ce ta ba da labari tun daga kasko. Ya ce in miƙo hannun. Ya kama shi haka nan, babu safar hannu, ya juya, ya sake juyawa. Sai ya saki. Ya yagi tishu ya goge tafinsa, ya sake gogewa.

Wallahi ɗakin juyawa ya yi da ni. Sak yadda mai lalle ta yi.

Ya ce, "Kai, wane irin mai kike shafawa haka? Duk ya manne min a hannu, ko biro ba zan iya riƙewa ba."

Na ɗago na dube shi. Da safen nan ma sai da na shafa, don ban yarda in fita ba tare da shi ba. Sai a lokacin wani abu ya faɗo min, wanda duk macen da ta taɓa yin lalle ta sani: lalle ba ya kama fata mai maiƙo. Matar nan da na kwana goma ina ganin fuskarta, cewa kawai ta yi in je in wanke hannu.

Umma ta fito da robar. Ya buɗe, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya tambayi sati nawa, na faɗa. Da na ambaci leda sai ya ajiye biro ya ce, "Har da leda?" Ya sa nas ta goge min hannun tas, ya ɗauko auduga ya murza bakinta ta yi tsini.

"Rufe idonki. Duk inda kika ji na taɓa, ki ce kin ji, ki nuna min wurin da yatsa."

Na rufe.  Na san tsakiyar tabon zai fara nufa, kuma na san ba zan ji ba, in kuwa ban ji ba an gama. Sai na yanke shawarar in riga shi. Na ƙirga uku a raina na ce, "Na ji," na dangwala yatsa a tsakiyar tabon.

Nas ta tuntsire da dariya. Likitan ya ce, "Ikon Allah. 'Yata, ai ko kusa da ke ban zo ba. Audugar na nan a hannuna."

Na fashe da kuka. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Saurara. In kika yi min ƙarya, kanki kika cuta, ni zan tashi in tafi gida in ci abincina. Ko da abin da kike tsoro ne, maganinsa na nan a asibitin nan, kyauta ake bayarwa, ana sha ana warkewa, mutum yana zaune cikin iyalinsa. Yanzu rufe ido, ki faɗa min gaskiya."

Na rufe, Umma ta dafa min kafaɗa. Shiru. Ban ji komai ba, ban ce komai ba. Na san a lokacin yana kan tabon. Sai can na ji wani abu kamar ƙafar ƙuda a ƙasa da gwiwar hannu. Na ce na ji, na nuna. Na sake ji a gefe, na nuna. A sama, a ƙasa, ta ciki, ko'ina a cikin sabon farin nan da ya bazu ina ji sarai. Ya ajiye audugar ya danna bayan gwiwar hannuna da yatsa yana laluben wata jijiya, ya yi haka a ɗaya hannun, ya sa na matse masa yatsu da ƙarfi, ya duba fuskata da kunnuwana. Nas ta kai ni bayan labule ta duba bayana da ƙafafuna, ta dawo ta ce babu komai. Duk wannan bai wuce minti goma ba, amma ni na ga kamar an yini.

Ya zauna ya yi rubutu. Ina kallon bakin biron, ina ƙoƙarin karanta rubutun a juye.

Ya ɗago ya ce, "Ba kuturta ba ce."

Ban yarda ba. Na ce, "Amma likita, tsakiyar ba na ji."

Ya ce ai dole. Man da ya ƙone ni ya ci fatar da zurfi a wurin, ya kashe 'yan ƙananan jijiyoyin da ke kai ji, kuma haka tabon ƙuna mai zurfi yakan yi. Tun ranar da ya warke haka yake, ban taɓa gwadawa ba ne kawai. Shi kuwa sabon farin, aikin haɗin nan ne. Ya ce irin waɗannan robobin sau da yawa ana zuba musu magani mai ƙarfi da ke kashe launin fata ya sirantar da ita, ledar kuma ta sa ya shige ninkin ba ninkin. "Kin ga kamar tabon yana ɓacewa ko? Ba tabon ne ya koma baƙi ba, lafiyayyar fatarki ce take bin sa tana yin fari."

Ya ce in an daina shafawa launin wurin zai dawo a hankali cikin watanni, ya kuma rubuta yadda zan yi in ya yi ja ko ƙaiƙayi bayan na daina, da ranar da zan koma. Su tabon ukun kuwa bai yi min alƙawarin ƙarya ba. Ya ce za su ɗan rage haske da shekaru, amma mai yiwuwa ba za su tafi duka ba. In riƙa shafa mai marar haɗi, ko basilin ko man kaɗanya, in kare wurin daga rana mai zafi, ranar biki kuma in nemi hoda kalar fatata in ɗora. Haka kuwa aka yi. Yau farin da ya bazu babu shi, tabon uku suna nan, kuma ina sa riga mai gajeren hannu a cikin gida ba na jin komai.

Abin da na koya bai wuce wannan ba: duk maganin da aka ce sai a ɓoye zai yi aiki, kuma babu suna a jikinsa, ba na kai shi jikina. Sannan in abu ya tsorata ni, gara in buɗe shi a rana in nuna wa wanda ya sani, don kwana goman da na yi ina ɓoyo, ba tabon ne ya azabtar da ni ba, ni ce na mayar da uwata da kakata da ƙawata abokan gaba a cikin kaina, alhali kowaccensu tana nan inda na bar ta.

Da muka fito daga ofishin na dubi agogon bangon, ƙarfe ɗaya saura kwata. Na zauna a kan bencin nan da na bari ɗazu. Umma ta saya mana ruwan leda ɗaya, ta fasa ta miƙo min. Na sha rabi, na tsaya riƙe da sauran ban san yadda zan yi da shi ba. Ta fizge ta kafa baki a daidai inda na cire nawa, ta shanye, ta ce, "Tashi mu je, akwai kwaɓin mudu biyar yana jiranki. Amma sai kin kira ƙawar nan taki amarya kin ba ta haƙuri tukuna."